Babi na Bakwai: Daga Azahar Zuwa Magariba

Wata Asabar da hantsi ɗan ƙanwata ya kira ni daga Dalijan, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya faɗa magana. Yaron ya karanta ilimin kwamfuta, ya gama bautar ƙasa, aikin gwamnati bai samu ba, sai wata ƙungiyar manoman shinkafa ta yankinsu ta damƙa masa kula da shafinta na intanet. Shafin yana zaune a kan wata 'yar ƙaramar saba da suke haya a ƙasar waje, suna biyan 'yan daloli duk wata. A cikinta akwai sunayen manoma da lambobin wayarsu, da lambar NIN, da lambar asusun banki, har da girman gonar kowa. Wanda ya kafa sabar ya bar aikin tun bara, abin da ya bari kawai kalmar sirri ce a rubuce a bayan wani tsohon rasit. Ranar Litinin za a buɗe rajistar noman rani. Shi kuma da safen nan ya leƙa littafin shige da fice na sabar, ya ga abin da ya tayar masa da hankali.

Ya ce, "Kawu, wasu mutane na ta ƙoƙarin shiga wagga saba dare da rana. Mi munka tare musu?"

Na ce masa ba su tare wa kowa komai ba, kuma waɗanda yake gani ba mutane ba ne. Adireshin intanet na tsohon tsari, wanda ake kira IPv4, bai wuce biliyan 4.3 ba. Tun a 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fito da wata manhaja mai suna ZMap, wadda ke iya ƙwanƙwasa ƙofar dukkan waɗannan adireshi cikin ƙasa da minti 45 daga kwamfuta guda mai layi mai ƙarfi. Abin da masu bincike suka iya, ɓarayi ma sun iya. Sukan saki manhajojinsu su yi ta zagaye kamar kura da dare, suna taɓa kowace ƙofa. Manhajar ba ta san Dalijan ba, ba ta san Gwandu ba, ba ta san bambancin banki da ƙungiyar manoma ba. Ƙofar da ta tura ta buɗe, nan ne gidanta. In ta shiga, ko ta sa sabar haƙar kuɗin kirifto, ko aika saƙonnin damfara, ko ta kulle bayanan a ce sai an biya fansa, ko a mayar da sabar sandar dukan wasu. Wannan magana ta "wa zai damu da mu, mu da muke ƙauye" ita ce ta fi kowace kashe ƙananan sabobi.

Na baro Birnin Kebbi na iske shi ana kiran Azahar. Babu wuta a gari. Batirin kwamfutarsa ba ya wuce awa uku, sabis ɗin waya kuma sai a gindin wata dalbejiya da ke ƙofar gida yake tsayawa. Nan muka shimfiɗa tabarma. Littattafan tsaron saba suna da shafi ɗaruruwa, kuma duk abin da ke cikinsu yana da amfani, amma wanda ke da yini guda ba abin da zai yi da su. Abin da ke gabansa shi ne ya san wanne zai fara, wanne zai bari sai wani jiƙon. Wannan babi a kan haka yake.

Hannunsa na rawa yana son ya fara kulle ƙofofi, na riƙe shi. Na ce kwafi tukuna. Duk gyaran da za mu yi yana iya ɓata wani abu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfanonin da ke ba da hayar saba kusan duka suna da maɓallin ɗaukar hoton sabar gaba ɗaya yadda take a wannan lokaci, in abu ya lalace a mayar da ita. Muka danna. Sannan muka fitar da kwafin rumbun bayanan muka sauke shi a kwamfutarsa, muka kulle fayil ɗin da kalmar sirri, tunda lambobin NIN na mutane ne a ciki. Ya ce ai hoton da kamfani ya ɗauka ya isa. Na ba shi labarin 10 ga Maris 2021, ranar da gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen sabobi na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Wasu masu haya sun yi kwafi, amma kwafin yana cikin harabar da ta ƙone. Manomi ya fi kowa gane wannan: ba a zuba abinci da iri a rumbu ɗaya. Ƙa'idar da masana suka daɗe a kanta ita ce kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a nesa. Kuma kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, zato ne kawai. Mun buɗe namu mun ga sunayen manoma sun fito daidai kafin muka ci gaba.

Sai sabuntawa. A nan ne nake yawan ganin ganganci, har daga mutanen da suka fi mu ilimi da kuɗi. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta sa asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Kamfanin Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar da manhajar ta bi tun 14 ga Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda abin ya ci, ba su saka ba ne. A wannan shekarar dai aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147 daga kamfanin Equifax na Amurka, ta wata ɓaraka a manhajar Apache Struts wadda aka fitar da gyaranta tun watan Maris, ɓarayin kuma suka shiga a watan Mayu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin takaicin shi ne, da zarar an sanar da gyara, an kuma sanar da ɓarayi inda tsagar take.

Sabar ƙungiyar tana kan Ubuntu, kuma tun tafiyar wancan ma'aikaci ba wanda ya sabunta ta. Umarni biyu ne kacal, apt update da apt upgrade. Muka sa ta aiki muka tafi La'asar. Da muka dawo muka sake tayar da ita, shafin ya buɗe lafiya, sannan muka kunna unattended-upgrades, wato manhajar da ke saka gyaran tsaro da kanta ba tare da jiran kowa ba. Akwai masu cewa sabuntawa ta kai tsaye tana iya karya shafi. Gaskiya ne, takan faru jefi-jefi. Amma ga sabar da mai kula da ita ke leƙa ta sau ɗaya a wata, in ya samu data, ni ban ga abin muhawara ba. Shafin da ya tsaya na awa biyu ana gyara shi. Bayanan manoma da suka fita ba sa dawowa. Abu ɗaya da mai karatu zai duba: ko tsarin da sabarsa ke kai har yanzu ana yi masa gyara. CentOS 7 an daina tun 30 ga Yuni 2024, Windows Server 2012 tun Oktoba 2023. Fitowar Ubuntu mai dogon zango shekara biyar ake kula da ita kyauta. Wanda ke kan tsarin da aka yi watsi da shi, ko ya buga umarnin sabuntawa sau ɗari ba abin da zai zo, sai dai ya yi shirin ƙaura.

Muna cikin haka shugaban ƙungiya ya iso a kan babur, dattijo mai fara'a. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, nawa za mu tanada a sayo maganin bayiros mai ƙarfi?" Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, yau ba abin saye. In da hali a taimaka mana da man janareto, batiri ya kusa mutuwa." Ya yi dariya, ya aika yaro. Na lura mutanenmu sun fi yarda da tsaron da aka biya kuɗi aka ɗauko a kwali, kuma masu sayarwa sun san haka. Duk abin da muka yi a wannan yini, ban da mai da data, ko kwabo ba mu kashe ba.

Yanzu ga babbar ƙofa. Mai kula da sabar Linux yana shiga ne ta hanyar da ake kira SSH, ƙofa mai lamba 22, kuma nan ne duk ƙwanƙwasar da ta firgita yaron take. Muka buɗe fayil ɗin /var/log/auth.log tare. Layi bayan layi, dubbai, daga adireshi na ƙasashe daban-daban, ana gwada suna root, ana gwada admin, ana gwada test, ana gwada ubuntu. Root shi ne mai gida a Linux, wanda ya shiga da sunansa ya mallaki komai. Na juya rasit ɗin nan na karanta kalmar sirrin da aka bar masa: sunan ƙungiyar ne da shekarar kafa ta. Kuma ya shaida mini an taɓa tura ta a zauren WhatsApp na shugabanni. Wato Allah ne kawai ya tsare.

Kada a raina wannan gwaji na kalmomi. A 2016 manhajar Mirai ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin intanet na gida da jerin suna da kalmar sirri kusan sittin kawai, irin waɗanda masana'anta ke sakawa ba a canza ba. Da waɗannan na'urori aka kai wa kamfanin Dyn hari ranar 21 ga Oktoba, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa a sassan Amurka.

Maganin ba wai a ƙara tsawon kalmar sirri kawai ba ne, a cire ta daga ƙofar gaba ɗaya. SSH yana karɓar mukulli, wato fayiloli biyu da ake ƙerawa tare: ɗaya kamar kwaɗo, ana ajiye shi a kan saba, ɗaya kamar ɗan mukulli, yana zaune a kwamfutar mai shi, ba ya fita. Ba a iya cankar sa kamar yadda ake cankar kalma. Muka ƙera nasa da ssh-keygen, muka sa masa jimlar sirri don ko an sace kwamfutar. Muka buɗe masa asusu na kansa mai ikon sudo, don ya riƙa aron ikon mai gida lokacin da ya buƙata kawai. Sannan a fayil ɗin sshd_config muka gyara layi biyu: PermitRootLogin ya koma no, PasswordAuthentication ma ya koma no.

A nan zan ja kunnen mai karatu, domin ni kaina na taɓa kulle kaina a waje, na kwana ina neman hanyar komawa sabar da ni na kafa ta. Kada ka rufe tagar da kake ciki. Buɗe wata sabuwa, ka gwada shiga da mukullin, ka ga ta karɓe ka, ka ga sudo yana aiki, sannan ka saki ta farko. Da sabis irin na gindin dalbejiya, wanda ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ka kuma san tun da wuri inda kamfanin hayar ya ajiye ƙofar gaggawa ta cikin shafinsa.

Kafin mu bar wurin na ce ya buɗe fayil ɗin authorized_keys, inda ake jera kwaɗunan da aka yarda da su. Akwai guda biyu da bai san masu su ba. Wataƙila na wanda ya tafi ne da abokinsa, wataƙila ba haka ba. Muka goge. Ba zargin kowa ake yi ba. Mai haya in ya tashi, ana canza kwaɗo, ko da limamin unguwa ne.

Daga nan sai katanga. Wanda ya tashi a ƙasar Gwandu ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. A ƙarshen 1805, bayan mummunar ɓarnar da aka yi wa jama'ar Shehu a Alwasa, abokan gaba suka biyo su har Gwandu, garin kuwa a lokacin ba shi da ganuwa. Da ƙyar aka kare shi, kuma bayan haka ne aka kewaye shi. Hikimar ganuwa ba tsayinta kaɗai ba ce, ƙarancin ƙofofinta ne: an san su, an ƙidaya su, kowace da mai tsaronta. Saba tana da ƙofofi 65,535, kuma kowace manhaja da aka saka tana iya buɗe tata ba ta gaya wa kowa ba. Umarnin ss -tlnp yana nuna waɗanda ke buɗe da mai sauraro a bayan kowace. Da muka buga, sai ga rumbun bayanai na MySQL a ƙofa ta 3306 yana fuskantar duniya, alhali shafin da ke amfani da shi yana cikin gida ɗaya da shi. Irin wannan sakaci ne ya sa a Janairun 2017 aka share dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe, aka bar wa masu su takardar neman fansa. Muka mayar da shi adireshin 127.0.0.1, wato ba ya jin kowa sai na cikin gida. Sannan muka kunna katangar ufw: a hana kowa shigowa, sai ta ƙofa uku, 22 ta mai kula, 80 da 443 na masu ziyartar shafi. A tuna a ba da izinin 22 kafin a kunna katangar, in ba haka ba an sake kwana a waje. Wanda sabarsa ta Windows ce, ƙofofin da zai fara dubawa su ne 3389 ta shiga daga nesa da 445 wadda WannaCry ta bi. Ba su da abin yi a bakin titin intanet.

Yaron ya ce ya karanta cewa a canza lambar ƙofar SSH daga 22 zuwa wata. Na ce in yana so ya yi, zai rage masa hayaniya a littafin shige da fice, amma kada ya ƙidaya shi cikin tsaro. Wanda ke nemanka da gaske zai zagaya gidan ya ga inda ka mayar da ƙofar.

Rana ta yi ja lokacin da na tambaye shi abin da mutane da yawa ke mantawa: asusun kamfanin hayar, da sunan wa yake, kuma da wane imel? Ya yi shiru. Imel ɗin wancan ma'aikaci ne. Duk kulle-kullen da muka yi, wanda ke riƙe da wannan asusu yana iya share sabar da dannawa ɗaya, ko ya sake wa root kalmar sirri ya shiga ta sama. Muka kira mutumin, ya amsa da mutunci, aka mayar da asusun kan imel na ƙungiya. Muka kunna tabbaci mai hawa biyu, irin na manhajar da ke fitar da lamba shida a waya, ba na saƙon tes ba, domin satar layin waya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A watan Mayun 2021 kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya tsayar da aiki kwanaki, ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4, kuma hanyar da aka shiga ita ce wani tsohon asusu mai kalmar sirri kaɗai, ba hawa na biyu. Lambobin gaggawa da kamfanin ya bayar muka rubuta a takarda, Alhaji ya sa a aljihun babbar rigarsa ya ce za su kwana cikin akwatin takardun filaye.

Sauran mun yi su a gurguje. Muka saka fail2ban, mai korar adireshin da ya cika gwaji. Muka duba takardar shaidar HTTPS, ta Let's Encrypt ce, kyauta, kuma tana sabunta kanta. Shafin WordPress ne, muka sabunta shi, muka cire ƙarin manhajoji biyar da ba a amfani da su, har da wani ado na shafi da aka sauko da shi daga inda ake raba kayan kuɗi a banza. Irin waɗannan sau da yawa da ɓarawo a cikinsu suke zuwa. Muka cire manhajar phpMyAdmin, tunda ba mai buɗe ta. Duk abin da ba a amfani da shi a kan saba, kaya ne da za a yi ta gadi ba riba.

Akwai abubuwan da na bari da gangan: tura littafin shige da fice zuwa wata saba, na'urar gano kutse, tsaurara izinin kowane fayil, bin dogon jerin ƙa'idojin tsaro na CIS ɗaya bayan ɗaya. Duk suna da kyau, za mu zo kansu a gaba. Amma wanda ya fara da su alhali root yana karɓar kalmar sirri, ya yi wa taga ƙarfe ne ya bar zaure a buɗe.

Tambaya ɗaya ta rage, kuma ita ce mai nauyi: ko an riga an shiga kafin mu zo? Muka duba jerin waɗanda suka yi nasarar shiga da umarnin last, muka duba asusun da ke kan sabar, da ayyukan da aka tsara su riƙa tashi da kansu, da ko akwai wata manhaja da ke cinye ƙarfin injin. Ba mu ga abin tuhuma ba. Da mun gani, da shawarar ta canza gaba ɗaya. Sabar da aka shiga ba a wanke ta, domin ba ka san ramuka nawa aka haƙa ba. Sabuwa ake kafawa, a ɗauko bayanai daga kwafi mai tsabta, a canza kowace kalmar sirri. Kuma akwai doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Da na faɗa wa Alhaji haka, sai ya gyara zama. Bai taɓa ɗaukar cewa sunayen manoma da lambobinsu amana ce da hukuma ke iya tambayarsa a kanta ba, kamar kuɗin taki.

Ana kiran Magariba muka rufe kwamfuta. Na bar wa yaron aiki na minti goma sha biyar duk Juma'a bayan masallaci: ya duba kwafi ya fita, ya duba sabuntawa ta shiga, ya leƙa wa ya shiga sabar a makon, ya tabbatar an biya kuɗin haya, don katin banki kan ƙi biyan dala ba sanarwa, kamfani kuma ba ya jira. Na ce ya rubuta duk abin da muka yi a shafi guda ya ba sakataren ƙungiya, saboda ranar da shi ma zai samu aiki ya tafi.

Ranar Litinin aka buɗe rajista, manoma suka yi layi, shafin bai tsaya ba. Masu ƙwanƙwasa ƙofa ta 22 suna nan har yau, sai dai sabar ba ta ma tambayarsu kalmar sirri. Mai karatu, in akwai sabar da ke hannunka, ta makaranta ce ko ta asibiti ko ta shagonka, kada ka shiga babi na gaba sai ka buɗe littafin shige da ficenta ka ga su wa suka kwana a ƙofarka jiya.